Ɗorawar Babarka da Takardar Majalisa

Kura,
Ranar Talata.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa jirginku ya isa Legas lafiya, Ya ba ka masauki na gari da maƙwabta na gari. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutumin da zai tare ka da fara'a alhali ya riga ya gama lissafinsa a kanka.

Na sa ƙanwarka Hadiza ta cusa wannan takarda a jakarka, tsakanin ƙullin dambun nama da na daddawa, don na san kafin ku wuce Kaduna yunwa za ta sa ka buɗe jakar. Ka san halina. Shekara talatin ina tsaye gaban ɗalibai bakina bai taɓa gajiya ba, amma kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Duk lokacin da na zaunar da kai don in faɗi abin da ke raina, sai in tsinci kaina ina tambayarka ko ka sayi tikiti. Shi ya sa na koma ga alƙalami.

Tun da aka ji an ɗauke ka akawun kwamitin noma da ruwa a majalisa, ƙofar gidanmu ba ta huta da 'yan barka ba. Wasu sun ɗauka kai ma za ka riƙa ɗaga hannu ana ƙirgawa. Na yi murna ƙwarai, har dare biyu barci bai kama ni sosai ba. Amma na san aikin da ka samu fiye da yadda kake zato. Za a kawo wa kwamiti takarda mai kauri kamar tubali, 'yan majalisa ba za su karanta ta ba, za su ce akawu ya taƙaita musu a shafi biyu ko uku. Abin da ka sa a shafukan nan shi za su yi ta ihu a kansa. Abin da ka bari, babu wanda zai san ya taɓa wanzuwa.

Na kuma san takardar da za ka fara tararwa a kan teburinka, don tun watan jiya nake bin muhawararta a rediyo kullum bayan la'asar. Wata ƙasar waje ta ce za ta taimaka a ja kanal ɗin noman rani ya kai ƙauyukan da ke bayan Bunkure, ta haɗa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin burtsatse da irin alkama. Majalisa ta rabu biyu. Ɓangare ɗaya na cewa kuɗin mai ya ja baya, talaka na jira, wanda aka miƙo wa taimako ya karɓa ya yi godiya. Ɗaya ɓangaren na cewa ƙasa mai 'yanci ba ta bara, yau su gaya mana abin da za mu shuka, gobe su gaya mana yawan 'ya'yan da za mu haifa. Kowanne in ya yi magana sai a buga tebur. Na kasa kunne sosai, Abba, mako huɗu, ban ji ko mutum ɗaya ya ambaci itace ba. Zan gaya maka dalilin da ya sa nake sauraron wannan kalmar, ko da yake labarin ba ya yi mini daɗin faɗa.

Kana aji biyu a makarantar kwana aka kawo kanal na farko ƙauyenmu. Tsarin shi ne a auna gonar kowa, a share ƙasar gaba ɗaya a daidaita ta yadda ruwa zai gudu, sannan a mayar wa kowa da fili. Masu aikin na neman wanda ya iya Turanci kuma ya san mutane, sai dagaci ya nuna ni. Lokacin hutu ne, na karɓa da rawar jiki. Aka ba ni tarin takardu, kowace da gurbi uku: sunan mai gona, girman gonar, yawan itatuwan da ke ciki.

Kai makarantar kwana ta raine ka, wataƙila ba ka lura da yadda ake rabon gado a ƙauyukanmu ba. Sau da yawa in uba ya rasu, ba a son a yayyanka gona ta zama tsummoki, sai a yi sulhu: maza su riƙe ƙasa, mata a ba su itatuwan da ke tsaye a cikinta. Gona ta wane ce, ɗorawar da ke tsakiyarta ta ƙanwarsa ce. In 'ya'ya suka nuna ta zo da gorarta ta kaɗe abinta, ko da aure ya kai ta gari uku, babu mai ce mata don me. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, don ba a bukata. Ko akuya ka tambaya ta san ɗorawar Tasalla.

Tasalla ita ce gwaggona, ƙanwar kakanka, wadda kuke kira Gwaggon Daddawa. Itace uku gare ta a gonar wanta, kuma su ne mijinta, su ne ɗanta, don duka biyun sun riga ta gidan gaskiya. Da kalwa take daddawa ta kai kasuwa, garin ta sayar wa yara, makubar, wato ɓawon, ta sayar wa masu daɓe. Ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba.

Shugaban masu awon wani Bature ne dogo, rana ta saɓule masa fatar hanci, mutane suka sa masa Mai Taswira. Wata rana da azahar muka tsaya shan ruwa a inuwa, kuma wallahi inuwar ɗaya daga cikin ɗorawan Gwaggo ce. Ya ɗauki takarda ɗaya ya jujjuya, ya dube ni ya ce, "Malam, a ƙasarmu aka tsara wannan. Kai ne ɗan gari. Akwai abin da ta bari?"

Na san amsar. Na ɗaga kai na ga 'ya'yan itacen suna lilo a samanmu. Sai na ce masa babu, ta cika.

Na yi shekaru ina tambayar kaina dalili, kuma dalilan da na samo duk ƙanana ne, abin kunya. Na ji nauyin in ce wa Bature a wurinmu ƙasa ta wani ce, itacen kanta na wata, kada ya ga kamar ba mu waye ba. Ga wani jami'i daga Kano a tsaye yana ta duba agogo. Ga ƙauye uku na riga na cike takardunsu, in aka ƙara gurbi sai na sake zagayawa, hutu kuma ya kusa ƙarewa. Sannan, tunda na ce zan faɗi gaskiya, ina jin daɗin zama a gidan gaba na motarsu, yara na ɗago mini hannu.

Bayan kaka katafila ta zo. An ce Gwaggo ta tsaya a bakin gona tana tambayar direba wa ya ba shi izini, ya ce mata, "Baba, mai gona ya dangwala hannu." Ɗan abin da aka bayar a madadin itatuwan ma a hannun mai gona ya faɗa, tunda sunansa ne a takarda. Daga can ba ta biya gida ba, makaranta ta same ni, ina tsakiyar darasi. Na fito baranda na durƙusa.

Ta ce, "Isiya, an ce kai ka riƙe alƙalami."

Na ce, "Gwaggo, takardar ba ta da wurin da za a sa sunanki."

Ta ce, "Takardar ce ba ta da wuri, ko hannunka ne ya mutu? Lokacin da kake shan garin ɗorawar nan bakinka ya yi rawaya kamar na ɗan tsako, ai ka san mai ita. Yanzu da ka sa wando ne ka manta?"

Ba ta jira amsa ba, ta juya ta tafi. Ta ɗan jima tana sayo kalwa a kasuwar Madobi, har abin ya gagare ta. Daga nan ta koma tsinkar tumatir a filayen mutane, da tsufanta, a duƙe cikin rana. Da ƙarfinta ya ƙare na ɗauko ta gidanmu, ka tuna ɗakinta. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Abu ɗaya ne ya canza. Daga ranar nan ba ta ƙara ce mini Isiya ba. In na kai mata goro sai ta karɓa hannu biyu ta ce, "An gode, Malam." Haka har ta rasu.

Saboda haka, Abba, in aka ajiye maka takardar nan, kada ka fara da abin da ta ƙunsa, wannan kowa zai gani. Ka nemi wanda ba ya cikinta. In ta ce "magidanci", ka tambayi kanka ina gwauruwa. In ta ce "mai gona", ka tambaya ina mai itace, ina mai kiwon da ke bi ta burtali, ina wanda aka ba aro shekara ashirin. Takardar da aka tsara a wata ƙasa ba lallai mugunta ta sa ta bar mutum ba, wanda ya tsara ta bai taɓa ganinsa ba ne. Amma wanda aka bari ɗin, asararsa ɗaya ce, ko da mugunta ko babu. Kuma in wani ya tambaye ka ko akwai abin da aka bari, kada ka ji kunyar mutanenka. Wannan kunyar ce ta kayar da itace uku, ba katafila ba.

Kada ka ɗauka ina zagin kanal. Na ga alherinsa. Mazan da a da suke tafiya cin rani yanzu suna gida suna girbin alkama, an yi rufin kwano, an je Makka. Na faɗi haka ne don kuskurena na biyu daga nan ya taso, kuma ya fi na farko wauta, don na yi shi ina ganin na yi hankali.

Bayan abin Gwaggo sai na tsani duk abin da ya fito daga hannun baƙi. Na zama mai wa'azin 'yancin ƙasa a ɗakin malamai, har yaran malamai suna kiftawa juna ido in na fara. A wannan lokacin ɗalibaina suka soma fitsarin jini. Ka san ba a hana yaro wanka a kanal, kuma ruwan da ba ya ƙafewa shi ke riƙe tsargiya. Wata rana wata mota ta tsaya a makaranta, da wata Baturiya da ma'aikatan lafiya biyu 'yan ƙasa, suka ce suna gwada yara suna ba da magani kyauta. Na tare su a ƙofa. Na ce su ne suka kawo ruwan, yanzu sun dawo da magani, wa ya san abin da ke cikin ƙwayar? Na yi musu Turanci mai kyau, suka juya. Ranar na shiga gida ƙirji a gaba.

Mako biyu bayan nan wata mata mai suna Ladi, mai sayar da ƙosai a bakin makaranta, ta tare ni a gaban kaskonta. 'Yarta na aji huɗu.

Ta ce, "Malam, an ce ka kori masu magani."

Na ce, "Ladi, ba ki san mutanen nan ba. Dole ƙasa ta riƙe mutuncinta."

Ta ce, "To madalla. Ita ƙasar a wane ɗaki take kwana, in kai mata zanen 'yata ta wanke? Naka 'ya'yan ruwan rijiya suke sha, babban ma yana can makarantar gwamnati. Da namu za ka riƙe mutuncin?"

Sai da na hau keke na bi sawun motar har Dawakin Kudu, na ba da haƙuri. Ba su samu dawowa ba sai bayan wata biyar. A wata biyar ɗin nan na ga yaran da suka rame, na ga waɗanda iyayensu suka cire su ba su komo ba. Babu wanda ya rasu, alhamdu lillahi, amma ba dabarata ce ta hana ba.

Abin da ya ƙona ni daga baya shi ne, ban tambaye su komai ba. Ina iya cewa su nuna mini takardar hukumar lafiya, su faɗi sunan maganin, a kira malamin asibitinmu ya tsaya a yi a gabansa. Wannan shi ne zargi mai amfani. Nawa fushi ne kawai na sa masa babbar riga. Don haka in ka ji ɗan majalisa yana buga tebur yana cewa mu ba bayin kowa ba ne, ka saurare shi, don wani lokaci gaskiya yake faɗa, mai ba ka iri kowace shekara yana iya zama mai gonarka ba ka sani ba. Amma ka duba wane ruwa 'ya'yansa ke sha. Ka kuma duba ko bayan ihun yana da tambaya ko ɗaya da ya yi wa takardar. In babu, bai karanta ba, murya yake sayarwa.

Yanzu ga abin da ya faru ranar Asabar, kana Kano wajen ɗinkin kayanka. Wani Alhaji ɗan kwangila, wanda rabona da shi tun sunan Hadiza, ya tsayar da mota a ƙofar gida. Ya yi barka, ya ajiye buhun shinkafa a zaure. Abin da ya fara tsaya mini a rai, ya san sunan kwamitin da aka sa ka, alhali ni kaina ranar Alhamis na sani. Muna cikin hira sai ya ce, "Malam, yaron nan namu ne. Ka ce masa kada ya wahalar da manya da dogon rubutu. Aikin alheri ne, a bar shi ya wuce sumul." Na ce ai yaro bai ma ga tebur ɗinsa ba. Ya yi dariya ya ce, "Zai gani."

Da ya tafi na sa aka mayar masa da shinkafarsa, na ce likita ya hana ni. Sannan na yi 'yan tambayoyi a tasha. Ashe tun bara yake sayen gonaki a bayan Bunkure, daidai inda aka ce kanal zai bi, majalisa kuwa ba ta ko yanke hukunci ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ba ni shi ne da aka ce mini abokin cinikinsa ƙanin wani ne daga cikin masu tsananin ihun kada a karɓi taimakon. Ban gani da idona ba, maganar tasha ce, kada ka ɗora ta a kan kowa. Amma ka riƙe a ranka cewa mutum biyu na iya zagin juna a rediyo da la'asar, su ci tuwo a akushi ɗaya da magariba. Duk wanda ya ce zai sama maka ɗaki a Legas, ko ya rage maka hanya a motarsa kullum, ka yi godiya ka hau bas. Ni na san daɗin gidan gaba, na kuma san abin da ya ci.

Ka san ƙauyen su babarka yana cikin waɗanda kanal ɗin zai ratsa. Abin da ƙila ba ka sani ba, tana da ɗorawa huɗu a gonar kawunka, gadon mahaifinta. Daddawar da ka tashi kana ci a gidan nan daga su take. Da Alhajin ya fita ta leƙo zaure, ashe ta ji komai. Ta dubi buhun, sannan ta ce, "Malam, kai ka rubuta na Gwaggo. Yanzu ɗanka ne zai rubuta nawa?" Shekara ashirin da bakwai muna tare, ban taɓa sanin ta riƙe abin a ranta ba.

Shi ya sa ba ka gan ni ba ranar Lahadi da Litinin. Na hau keke na bi ƙauyukan gida-gida, na yi aikin da ya kamata in yi tun wancan karon. Littafin da ke naɗe cikin wannan takarda shi ne: sunan kowace mace mai itace a gonar da ba tata ba, irin itacen, da sunan mai gonar. Akwai ɗorawa, akwai kuka, akwai tsamiya. Ban gama ba, ƙauye biyu sun rage, zan aiko da sauran. Wasu mazan sun haɗe rai, wani ma ya ce ina haɗa 'yan'uwa faɗa. Wata tsohuwa kuma ta ƙi faɗin sunanta sai da na rantse ba haraji ba ne.

Ni ma ka zarge ni, Abba. Matata na cikin littafin, kuma mai neman wanke laifinsa yakan zarce. In ka samu hali ka sa wani ya bincika abin da na rubuta. Kuma kafin ka buɗe baki, ka fara gaya wa shugaban kwamiti cewa mahaifiyarka na cikin masu itacen, kada wani ya riga ka faɗa ya mai da shi makami. Ban ce ka sa a karɓi taimakon ba, ban ce ka sa a ƙi ba. Wannan ba aikinka ba ne, ba kai aka zaɓa ba. Abin da nake roƙo sakin layi ɗaya ne a cikin shafukanka, wanda zai ce a wannan yanki mai gona daban, mai itace daban, kuma takardar ba ta san da haka ba. Masu son taimakon su gyara ta, masu ƙinsa su sami tambaya ta gaske. Ba zan ɓoye maka ba, yana iya jawo maka baƙin jini, ana iya mayar da kai wani ofis inda babu kowa sai ƙura da fayil. In haka ta faru ka dawo mini da labari, ba za ka tarar da fuskata a ɗaure ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare hannunka da bakinka, Ya haɗa ka da shugabanni masu jin magana. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, da mutuncinka yadda ka tafi da shi. Hadiza ta ce ka tuna alkawarin takalmi.

Na tambayi babarka ko tana da saƙo. Ta ce daddawar ta bana ce, ka sa a miya kafin ka zauna rubutu. Na ce shi ke nan? Ta ƙarasa ɗaure ƙullin, sannan ta ce, "Ka ce masa in ya duba bai ga gurbi ba, ya ja layi da hannunsa."

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Isiyaku.